Nazarin Lamari: Dikodar da Ke Barci Kafin a Take Wasa a Wani Gidan Kallo na Taura

Asalin lamarin

Gidan kallon da wannan nazari ya shafa yana wani ƙauye ne na ƙaramar hukumar Taura, a masarautar Ringim ta Jihar Jigawa. Rumfar kwano ce mai benci goma sha biyu, an kewaye ta da zana. Mai gidan magidanci ne manomi, da damina yana gonar gero da riɗi, rumfar kuma ita ke ɗauke masa cefane. Ƙanensa da ya gama sakandare shi ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa, shi kuma ke riƙe rimot. Ni maƙwabcinsu ne, ina koyarwa a firamaren garin, kuma abin da ya shigo da ni cikin maganar shi ne duk rubutun da na'urar ke nunawa da Turanci yake.

Kayan aikin ba su da yawa: talabijin mai inci 43, farantin satalayit a kan turken ƙarfe, da ƙaramar dikoda mai ramin USB wadda ke iya naɗar shiri a cikin filash. Filashin mai gigabait 32 ne. Wutar layi ba abar dogaro ba ce a garin, don haka rumfar na aiki da fanel biyu na sola, da batir guda mai bolt 12 da amfiya-awa 200, da inbata. Akwai ƙaramin janareta, amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ba a tayar da shi sai dole.

A watan Yunin 2024 gasa biyu suka haɗu. Ta cin kofin nahiyar Turai ana yin ta a Jamus daga 14 ga Yuni zuwa 14 ga Yuli, kuma lokutanta sun yi wa kowa daidai, domin wasan dare ƙarfe 8 ake take shi a agogon Najeriya. Ta Copa America kuwa, wato ta cin kofin nahiyar Kudancin Amurka, a Amurka ake yi, daga 20 ga Yuni zuwa 14 ga Yuli, kuma a wannan lokaci na shekara gabashin Amurka yana bayan Najeriya da awa 5, ta yadda wasan ƙarfe 8 na darensu ƙarfe 1 na darenmu ne, na ƙarfe 9 kuma ƙarfe 2. Matasan garin suna son ganin Messi da Ajantina da Birazil, amma dattawa da mai unguwa sun daɗe da yanke cewa rumfar ta rufe kafin ƙarfe 11, kuma ko ba don haka ba, ana tsakiyar noman farko, wanda ya kwana kallo ba zai riƙe fartanya da sassafe ba. Shawarar da aka tsayar ita ce a naɗi wasan cikin dare, a nuna shi washegari da misalin 11:30 idan an dawo daga gona, a gama kafin azahar, bisa sharaɗin cewa masu waya su kama bakinsu kada su faɗi sakamako.

Daren farko: 20 zuwa 21 ga Yuni

Ranar Alhamis 20 ga Yuni, bayan an tashi daga wasan da Sifaniya ta ci Italiya 1-0, ƙanen ya mayar da dikodar tashar da za ta nuna wasan Ajantina da Kanada, ya danna jan maɓallin naɗi da ƙarfe 10:30, ya ga alamar naɗin ta fito a kusurwar allo, sannan ya kashe talabijin ya kulle rumfa. An yi ruwa mai ɗan ƙarfi bayan tsakar dare.

Da safe ya tarar da fitilar gaban dikodar ja ce maimakon kore. Ya kunna ta da rimot ta tashi lafiya, ya ga akwai fayil a filash, bai tsaya dubawa ba. Da aka cika rumfa aka fara kallo, sai hoton ya tsaya cak tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba, ya koma jerin fayiloli. Ƙwallaye biyun da Ajantina ta ci, ta Julian Alvarez da ta Lautaro Martinez, duka bayan hutu aka ci su, saboda haka babu wadda aka gani. Mai gida ya mayar wa kowa kuɗinsa. Bayanin da kowa ya yarda da shi a ranar shi ne ruwan sama, tun da kowa ya san yadda hadari mai kauri ke ɗauke hoton satalayit.

Zargin batir: 24 zuwa 26 ga Yuni

Daren Litinin 24 ga Yuni sararin sama garau yake. An danna naɗi da 10:15 don wasan Birazil da Kosta Rika, wanda za a take da ƙarfe 2. Da safe fitila ja, kuma a cikin fayil ɗin babu ko minti ɗaya na wasan, sai tallace-tallace da maimaicin tsofaffin wasanni. Da ruwa ya fita daga zargi sai aka koma kan batir, aka ce ya tsufa, kallon yamma yana zuƙe shi, inbata na ɗaukewa cikin dare.

Akwai abu biyu da suka saɓa wa wannan zato, amma ba a ba su muhimmanci ba a lokacin. Na farko, allon na'urar da ke daidaita cajin sola yana nuna bolt 12.4 da asuba kafin rana ta fito, wanda ga irin wannan batir yana nufin akwai sama da rabin caji. Na biyu, inbatar na kunne da safen, ba ta yi ƙarar da ta saba yi idan batir ya yi ƙasa ba. Ko a lissafi ma, batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, ana iya cin rabinsa ba tare da an illata shi ba, ita kuwa dikodar ba ta wuce wat 10 zuwa 12 ba, wato ƙasa da wat-awa 100 a awa takwas.

Duk da haka mai gida ya ce a gwada, kuma gwajin ya yi amfani. Daren Talata 25 ga Yuni, saboda wasan Ajantina da Chile na ƙarfe 2, aka cire dikodar daga inbata aka jona ta da janareta, aka cika masa tanki, aka kai shi bayan zana aka bar shi yana aiki har asuba, bayan an ba maƙwabta haƙuri a kan ƙarar. An danna naɗi da 10:40. Da asuba janareta na aiki, fitilar dikoda ja, wasa babu. An yi asarar mai, amma daga ranar babu wanda ya sake ambaton batir.

Zuwan mai gyara: 27 zuwa 29 ga Yuni

Ranar Alhamis 27 ga Yuni aka ɗauko mai gyaran satalayit daga Ringim a kan babur. Ya hau ya ƙara ɗaure farantin, ya yanke bakin wayar da ta fara tsatsa ya sa sabon kai, ya duba ƙarfin sigina ya ga ya isa. Da ya sa filashin a kwamfutarsa sai ya lura cewa fayilolin uku girmansu kusan ɗaya ne, kowane yana dab da gigabait 4, kuma filashin a tsarin FAT32 yake. Wannan tsari ba ya barin fayil guda ya kai gigabait 4 cif, kuma gaskiya ne akwai na'urorin da ke tsayar da naɗi idan sun iso wannan iyaka maimakon su buɗe sabon fayil. Ya kwashe fayilolin, ya mayar da filashin tsarin NTFS wanda ba shi da wannan iyaka, ya mayar da su ciki, ya ce an gama.

Zatonsa zato ne na mai sanin aiki, kuma duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai iya faɗin haka. Abin da ya faru shi ne tashar tana aiko da hotonta a kan kimanin megabit 3 a daƙiƙa, wanda ke cin kusan gigabait 1.35 a awa, saboda haka naɗin awa uku yana faɗawa dab da gigabait 4. Iyakoki biyu mabambanta ne suka zo wuri ɗaya, ɗaya na girma, ɗaya na lokaci, sai ta farkon ta rufe ta biyun.

Daren Juma'a 28 ga Yuni babu wasan Turai, an nuna fim har zuwa rufewa, aka danna naɗi da 11:05 don wasan Birazil da Faraguwe. Fayil ɗin ya ƙare jim kaɗan bayan taken ƙasa. Birazil ta ci 4-1, kuma labarin a waya aka ji shi. A wannan rana mai gida ya fara maganar zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano ya sayo wata dikodar, wanda a lokacin yana nufin taɓa kuɗin taki.

Rubuta lokuta: safiyar 29 ga Yuni

Kafin a yanke wannan shawara na roƙe shi ya ba ni safiya ɗaya. Na zauna da ƙanen da littafin rubutu na ɗalibai, muka ja layi huɗu: rana, lokacin danna naɗi, tsawon fayil, da lokacin da ya tsaya. Ƙanen yana tune da lokutan domin a wayarsa yake dubawa kafin ya kulle. Tsawon kowane fayil kuwa dikodar da kanta tana nuna shi idan an tsaya a kansa, abin da babu wanda ya karanta a baya domin kowa girman yake dubawa ko kuma ya wuce kai tsaye zuwa kallo. Na farko ya fara 10:30 ya tsaya 1:30. Na biyu 10:15 zuwa 1:15. Na uku 10:40 zuwa 1:40. Na huɗu, wanda aka yi bayan an sauya tsarin filash, 11:05 zuwa 2:05. Kowannensu awa uku ne, bambancin bai kai minti ɗaya ba.

Ruwan sama ba ya ƙirga awa, batir mai rauni kuma ba zai mutu a minti ɗaya kullum ba alhali kallon yamma yana bambanta. Abin da ke tsayawa a awa uku cif, a kan sola da kan janareta, a tsohon tsarin filash da sabo, agogo ne. Sai muka yanke cewa mu maimaita abin da rana, amma a bar talabijin a kunne. An danna naɗi da ƙarfe 8 na safe, aka sa rimot a aljihun mai gida ya tafi da shi gona don kada wani ya taɓa.

Tun 10:45 muna zaune a bencin gaba mu biyu, an rage murya, kwano ya fara ɗaukar zafi. Da 10:58 wani ɗan akwati mai launin toka ya fito a tsakiyar allo, da rubutun Turanci layi biyu, yana cewa na'urar za ta shiga barci, a danna kowane maɓalli idan ana kallo, a ƙasansa kuma lamba tana sauka daga 120. Muka zuba mata ido har ta kai sifili. Allon ya yi baƙi, fitilar gaba ta juya daga kore zuwa ja, ƙaramar fitilar filashin da ke ƙyaftawa ta tsaya. Ƙanen ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya taɓa ganin wannan akwati sau biyu ko uku a lokacin dogon fim, yakan danna maɓallin tsakiya ya wuce, ya ɗauka saƙon masu tasha ne.

Abin da akwatin yake nufi

Wannan ɗabi'a ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera na'urar. A shekarar 2009 Tarayyar Turai ta fitar da wata doka mai lamba 107/2009 a kan ƙananan dikodoji, domin rage wutar da suke ci a gidajen da ake barin su a kunne babu mai kallo. Dokar ta ce na'urar ta koma barci da kanta kafin cikar awa uku daga lokacin da aka taɓa rimot ko aka sauya tasha na ƙarshe, ta nuna gargaɗi minti biyu kafin hakan, kuma ta fito daga masana'anta da wannan tsari a kunne. An yi wa talabijin makamanciyar doka a shekarar, tasu awa huɗu. Masana'antu da yawa manhaja ɗaya suke zuba wa kayan da za su tura kasuwanni daban-daban, shi ya sa na'urar da ta ƙare a rumfar kwano a Taura take bin umarnin da aka rubuta don ɗakunan Turai.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa matsalar ba ta taɓa fitowa a shekarun da aka yi ana kallo kai tsaye ba. A gidan kallo rimot ba ya hutawa: a ƙara murya, a rage lokacin kiran salla, a leƙa wata tasha a hutun rabin lokaci, kuma kowane danni yana mayar da agogon farko. Da dare kuwa danna jan maɓalli shi ne taɓawa ta ƙarshe, talabijin a kashe, gargaɗin yana fitowa yana ƙirga daƙiƙoƙinsa babu idon da zai gan shi. A wannan dikodar, naɗi ba ya cikin abin da take ɗauka a matsayin ana amfani da ita. Wasu dikodojin sukan jira naɗi ya ƙare kafin su yi barci, don haka ba a yanke wa kowace hukunci sai an gwada ta.

Maganin wucin gadi da buɗe saiti: 29 ga Yuni zuwa 1 ga Yuli

Sashen saitin da ke ɗauke da wannan tsari a kulle yake da lambar sirri wadda mai gyaran ya sauya tun lokacin da ya kafa farantin, don kada yara su ɓata tashoshi, kuma ranar ba a same shi a waya ba. Daren kuwa akwai wasan Ajantina da Peru da ƙarfe 1. Ƙanen ya shimfiɗa tabarma a rumfar, ya sa ƙararrawar waya a 12:30, ya tashi ya danna maɓallin murya sau ɗaya, ya koma barci. Wannan danni ya kai agogon zuwa 3:30, kuma ranar Lahadi 30 ga Yuni aka kalli wasa cikakke a karon farko, da ƙwallaye biyun Lautaro Martinez. Hanyar ta yi aiki, ta kuma tabbatar da abin da muka gani, amma ba mai ɗorewa ba ce: sauro ya hana yaron sakat, kuma mahaifiyarsu ta ce ba ta yarda ya riƙa kwana a waje ba.

Ranar Litinin 1 ga Yuli aka samu lambar. A cikin saitin na'ura, ƙarƙashin sashen lokaci, akwai layin da masu gyara ke kira oto-sitanbai, an tsayar da shi a kan awa 3, kuma ana iya mayar da shi awa 1, awa 2, ko a kashe. Muka kashe shi. A ƙasansa akwai wani agogon barcin dabam, wanda mutum ke saitawa da kansa na minti 30 ko 60 ko fiye, shi a kashe yake. Mun kuma kashe wani tsari na HDMI, wayar da ke haɗa dikoda da talabijin, wanda ke ba talabijin damar kashe dikoda idan an kashe ta, ko da yake ba shi ne sanadi a nan ba.

Koma baya: 2 zuwa 3 ga Yuli

Daren Talata 2 ga Yuli, wasan Birazil da Kolombiya, aka danna naɗi da 10:20 da cikakken tabbaci. Da safe aka tarar da fayil na minti biyu kacal, dikodar kuma tana ta kunnuwa tana mutuwa. Mai gida ya ce taɓa saitin ne ya ɓata na'urar, ya nemi a mayar da komai yadda yake. Na roƙi a fara cika layukan littafin. Minti biyu shi ne daidai tazarar da ke tsakanin danna naɗi da kashe talabijin, saboda haka tambayar ta zama: me ya sauya wanda kashe talabijin ke tayarwa?

Ƙanen ne ya faɗa da kansa. An yi kwana biyu ana lumshi, batir bai cika ba, sai ya tura wani ɗan maɓalli a bayan inbata zuwa tsarin tsimin wuta. A wannan tsari inbata takan ɗauke wutar da take fitarwa idan abin da ke jone da ita bai kai wani mizani ba, tana leƙowa bayan 'yan daƙiƙoƙi ta ga ko an kunna wani abu mai nauyi. Muddin talabijin na kunne nauyin ya isa. Da aka kashe ta, wat 10 na dikoda bai kai inbatar ta san da shi ba. Sauyi biyu aka yi a kwana biyu ba tare da kowa ya san na ɗan'uwansa ba, laifin na biyu ya hau kan na farko.

Ana iya mayar da maɓallin kawai, amma damuwar yaron gaskiya ce, domin inbata tana cin wuta ko da ba ta ɗauke da komai, wani lokaci fiye da abin da dikodar ke ci. A jikin cajar dikodar an rubuta cewa bolt 12 take fitarwa, amfiya 1.5, wato irin wutar batir ce ake mayarwa ta gida sannan a sake dawo da ita. Mai haɗa sola na garin ya ja waya daga batir zuwa dikodar, ya sa fiyus mai amfiya 3 kusa da batir, ya kuma sa ƙaramar na'urar da ke tsayar da wuta a bolt 12, saboda batir yakan haura bolt 14 idan rana na cajinsa, kuma hakan na iya ƙona dikoda. Ya auna ya tabbatar da ɓangaren ja da baƙi kafin ya jona. Kan farantin, wato LNB, daga dikodar yake samun wutarsa ta cikin wayar sigina, don haka ba ya buƙatar komai dabam. Daga ranar ana kashe inbata gaba ɗaya da dare.

Daga jan maɓalli zuwa jadawali: 4 zuwa 10 ga Yuli

Daren 4 ga Yuli naɗin ya tafi daga 10:30 har ƙarfe 6 na safe ba yankewa, awa bakwai da rabi, kimanin gigabait 10. An ga wasan Ajantina da Ikwado har bugun fenareti, inda ƙwallon Messi ta bugi ƙarfen sama, Emiliano Martinez ya kaɗe biyu, Ajantina ta wuce da 4-2. Matsalar asali ta ƙare a nan. Abin da ya rage shi ne wahalar tura awa uku da rabi gaba kafin a iso wasa, a gaban mutane, da fargabar a zarce a nuna sakamako. Saboda haka aka koma amfani da jadawalin naɗi, inda ake ba na'ura tasha da lokacin farawa da na tsayawa.

Kafin a saita na duba agogon dikodar, na tarar yana baya da awa ɗaya. Dikoda daga siginar satalayit take ɗaukar lokaci, a ma'aunin GMT, mai ita ne zai gaya mata yankinsa, kuma wannan an bar ta a kan sifili. Najeriya GMT+1 take duk shekara, ba ta sauya agogo da rani ko damina. Muka gyara, muka tabbatar tsarin ƙara awa na bazarar Turai a kashe yake.

Jadawalin farko na wasan Yurugai da Birazil ne, daren 6 ga Yuli, an sa 1:45 zuwa 4:00. Na'urar ta tashi a kan lokaci ta tsaya a kan lokaci, amma wasan ya tashi babu ci aka tafi fenareti, kuma naɗin bai kai ga bugun da Yurugai ta fitar da Birazil ba. Wannan kuskurenmu ne na lissafi. Ranar 8 ga Yuli da rana muka yi wani gwajin: muka sake kunna agogon barcin na awa uku, muka sa jadawali na awa huɗu, don mu ga ko jadawali ya fi ƙarfinsa. A wannan dikodar bai fi ba, ta yanke a awa uku. Muka sake kashe shi, muka zaɓi cewa ta yi barci bayan ta gama naɗin jadawali, wanda ya ba da tsimin wutar ba tare da asarar wasa ba. Wasannin kusa da na ƙarshe biyu, na 9 da 10 ga Yuli, an naɗe su cikakku da rarar awa ɗaya da rabi.

Wasan ƙarshe: 14 zuwa 15 ga Yuli

Daren Lahadi 14 ga Yuli, bayan Sifaniya ta doke Ingila 2-1 a Berlin, aka zo saita jadawalin wasan ƙarshe tsakanin Ajantina da Kolombiya a Miami, wanda aka tsara takewa da ƙarfe 1. Ƙanen ya sa 12:45 zuwa 4:30.

"Yaya, ko da ƙarin lokaci da fenareti, huɗu da rabi ta isa," in ji shi.

Mai gida ya tambayi nawa ya rage a filash, aka ce sama da gigabait 20. Ya ce, "To kai shi shida. Filin da ba mu shuka ba, me za mu yi da shi?"

A Miami dubban mutane marasa tikiti sun yi dafifi a ƙofofin filin, aka jinkirta wasan fiye da awa ɗaya, bai fara ba sai bayan ƙarfe 2:20 a agogonmu. An tsawaita hutun rabin lokaci saboda wasan waƙa. Messi ya ji rauni a idon sawu aka fitar da shi bayan hutu yana hawaye, minti 90 suka cika babu ci, Lautaro Martinez ya ci ƙwallo ɗaya tilo a minti na 112, wajen lokacin da ake kiran assalatu a ƙauyen, aka tashi bayan ƙarfe 5. Jadawalin 4:30 da ya tsaya kafin wannan ƙwallo. Ranar Litinin 15 ga Yuli rumfar ta cika har wasu na tsaye a jikin zana, aka kalli wasan tun daga jinkirin har ɗaga kofin Ajantina na 16.

Hukunci

A ganina babu wanda ya yi wauta a cikin waɗanda suka yi zato. Ruwa yana ɗauke sigina, batir yana tsufa, FAT32 yana da iyaka, kuma kowane daga cikinsu ya taɓa ɓata wa wani naɗi. Inda aka yi asara shi ne kwana takwas da aka yi ana sauya kaya ba tare da an karanta tsawon fayil ba, alhali tun dare na biyu lambobin biyu sun isa su nuna awa uku. Gwajin janareta ya ci mai amma ya kawar da zargi guda baki ɗaya, don haka ban ɗauke shi asara ba. Aikin mai gyara ma bai tafi a banza ba, domin naɗin awa bakwai da rabi na 4 ga Yuli da na awa biyar da kwata na wasan ƙarshe sun zarce gigabait 4, kuma ba mu san yadda dikodar za ta yi da su a tsohon tsarin ba. Koma bayan 2 ga Yuli kuwa ya zo ne daga sauyi biyu a lokaci guda, kuma saura kaɗan ya sa a warware gyaran da yake daidai.

Abu huɗu ne suka tsayar da lamarin: kashe agogon awa uku, raba dikoda da inbata, gyara yankin lokaci zuwa GMT+1, da barin rara mai yawa a ƙarshen jadawali. Na farkon ne kaɗai amsar matsalar asali, kuma bai ci ko kwabo ba. Yana da rauni guda da ya kamata a sani: duk ranar da aka mayar da dikodar saitin masana'anta, ko aka sabunta mata manhaja, agogon awa ukun na iya dawowa, yankin lokaci ma ya koma sifili. Saboda haka ƙanen ya kwafe matakan a takarda da Hausa, ya sa ta a leda ya manna a jikin akwatin katakon da dikodar ke ciki, lambar sirrin kuma mai gida ya ajiye ta a gida. Littafin yana nan a kan akwatin, kuma duk daren da aka yi naɗi ana cika masa layi ɗaya.